Yadda fina-finai da littattafai ke shiga cikin dokokin wasan labari na kan tebur

Akwai wani nau'in wasa da ya shafe shekara hamsin yana bunƙasa a Amurka da Turai da Japan, wanda har yanzu bai zama sananne a zaurukanmu da fadojin samarinmu na Maradi ba, duk da cewa da yawa daga cikin wasannin da matasa ke bugawa a wayoyinsu daga tsatsonsa suka fito. Wasan labari ne da ake yi a zaune. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur ko tabarma, kowa ya ɗauki tauraro guda da zai riƙa magana da bakinsa yana yanke shawara a madadinsa, sannan mutum ɗaya ya zama jagora, shi ne mai bayyana gari da daji da abokan gaba da duk wanda aka gamu da shi a hanya. Babu rubutaccen zance da ake haddacewa kamar a wasan kwaikwayo. Jagora ya faɗi halin da ake ciki, ɗan wasa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi, idan abin mai haɗari ne a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ke raba gardama. Ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ke cin wani. Wannan bayani ya zama dole tun farko, domin a garinmu duk inda aka ga ɗan ludo a hannun matashi zancen caca ne ke fara zuwa zuciya. Hukuncin wasa da shi ba tare da kuɗi ba kuwa, wannan fagen malamai ne.

Tsakanin bakin jagora da ɗan ludo akwai littafin dokoki, wani mai shafi talatin, wani mai shafi ɗari uku. Wani mutum ne ya zauna ya yanke cewa sara ɗaya na takobi zai kashe tauraro ko ba zai kashe shi ba, cewa tsoro yana da lissafi ko ba shi da shi, cewa wanda ya tara dukiya ne zai ƙara ƙarfi ko wanda ya cika alkawari. Masu tsara wasannin suna samo irin wannan hukunci ne daga abin da suka karanta suka kuma kalla tun suna yara, wato littattafan almara masu araha, fina-finan sinima, shirye-shiryen talabijin, daga baya kuma wasannin kwamfuta da bidiyon intanet. Tasirin nan hawa biyu ne. Akwai na sama-sama, aron sunaye da dodanni da kayan yaƙi, wanda kowa ke gani da ido. Akwai kuma na can ciki, inda ake ɗaukar wata ɗabi'a ta fim, irin wadda mai kallo ya saba da ita har ya daina lura, a mayar da ita doka mai lamba. A ganina na biyun ne ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ke yanke irin labarin da zai iya fitowa daga tebur, ko 'yan wasa sun sani ko ba su sani ba.

Wasan da ya buɗe fagen shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a 1974 ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Dukansu biyu masu sha'awar wasan yaƙi ne na kan tebur, wanda ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji ana auna tazarar da ke tsakaninsu, kuma tun a 1971 Gygax da Jeff Perren sun fitar da dokokin irin wannan yaƙi a wani ɗan littafi mai suna Chainmail. Abin da Arneson ya kawo sabo shi ne kowane ɗan wasa ya bar runduna ya riƙe mutum ɗaya, a shiga da shi ƙarƙashin wata tsohuwar ganuwa neman dukiya. Gygax bai ɓoye inda ya yi aro ba. A ƙarshen littafin jagoran wasa da ya fitar a 1979 ya jera marubutan da suka yi masa tasiri, ciki har da Robert E. Howard da Fritz Leiber da Jack Vance da Poul Anderson da Tolkien.

Aron sama-sama yana da yawa a wannan wasa, kuma ya nuna rashin nauyinsa da wuri. A 1977 masu riƙe da haƙƙin ayyukan Tolkien suka yi wa TSR barazanar shari'a, sai kamfanin ya sauya sunayen wasu halittu, hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant, wasa ya ci gaba kamar ba a taɓa komai ba. Wasu dodannin ma daga wata jakar kayan wasan yara na roba da aka ƙera a Hong Kong aka samo siffarsu. A 1975, lokacin da fina-finan Chainis na naushi da harbi da ƙafa suka cika gidajen sinimar Amurka, aka ƙara wani rukunin tauraro mai faɗa da hannu wofi, aka jefa shi tsakiyar duniyar da aka gina a kan Turai ta zamanin mahaya dawaki ba tare da an damu da yadda ya iso can ba.

Aron da ya yi jijiya daban ne. A labaran Vance, matsafi yakan cusa wa ƙwaƙwalwarsa 'yan kalmomin tsafi kaɗan, da zarar ya furta ɗaya sai ta goge, dole ya koma ga littafinsa kafin ya sake samunta. Gygax ya ga wannan ya dace da wasa, tun da zai hana mai tsafi danne sauran 'yan tebur, sai ya mayar da shi doka, ta yadda matsafi na matakin farko tsafi ɗaya tak yake da shi a yini. Daga wannan doka guda aka samu wata ɗabi'a da ta mamaye wasan har yau, ko da yake an sassauta ta: ɗan wasa yana tattalin abin da ke hannunsa, yana tambayar kansa ko yanzu ne lokacin fitar da shi, tafiyar ƙungiya gaba ɗaya kuma ta koma lissafin yaushe za a tsaya a huta. Haka nan taurarin Howard da Leiber yawanci ɓarayi ne da sojojin haya masu bin dukiya, don haka a dokokin farko kowane tsabar zinari da aka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne na ƙwarewa, da makin ne kuma tauraro ke hawa mataki ya ƙara ƙarfi. Ba a rubuta ko'ina cewa ɗan wasa ya zama mai kwaɗayi ba, amma dokar tana biyan mai kwaɗayi, wanda ya tsaya taimakon tsohuwa a bakin hanya kuwa ba ta san da zamansa ba.

A 1981 kamfanin Chaosium ya fitar da Call of Cthulhu, wanda Sandy Petersen ya tsara a kan labaran ban tsoro na H. P. Lovecraft, kuma a nan aka fara ganin cewa idan aka sauya littafin da ake kwaikwayo dole lissafi ya juye. A labaran Lovecraft mai bincike ba ya cin nasara a kan abin da ya gano, yakan mutu ne ko ya zauce. Saboda haka Petersen ya ba kowane tauraro makin hankali, wanda ke raguwa duk lokacin da ya ga abin firgici ko ya karanta wani littafin asiri, kuma gwargwadon yadda saninsa na asirin ke ƙaruwa, gwargwadon yadda iyakar hankalin da zai iya riƙewa ke sauka. A wasan Gygax wanda ya daɗe a fage yana ƙara ƙarfi, a na Petersen yana ƙara kusantar hauka. 'Yan wasan da suka saba buɗe kowace ƙofa da takobi a hannu sai suka koyi jinkiri a bakin ƙofa, ba tare da wani ya yi musu wa'azin hattara ba.

Shekarun 1980 su ne lokacin da fim ya karɓi wurin littafi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san dokar da ba a rubuta ba, cewa akta ba ya mutuwa a tsakiyar fim, kuma yaran bos komai yawansu naushi ɗaya-ɗaya ke kwantar da su, sai an zo kan bos ɗin kansa ake yin faɗan gaske. Tsofaffin dokokin da aka gada daga wasan yaƙi ba su san wannan ba, ɗan ludo na iya kashe jarumi a minti na goma. Wasan James Bond 007 na 1983 ya kawo makin jarumta, wanda ɗan wasa zai kashe don ya gyara mummunar jifa, wato an miƙa masa ɗan guntun ikon marubucin fim. Toon na 1984, wanda Greg Costikyan ya tsara a kan zanen barkwanci na yara, ya soke mutuwa kwata-kwata: idan dutse ya faɗo wa tauraro sai ɗan wasa ya zauna a gefe na minti uku ya dawo. Costikyan ɗin ne kuma ya tsara wasan Star Wars na kamfanin West End Games a 1987, inda ake watsa 'ya'yan ludo masu fuska shida cike da hannu, kuma tauraro yana da wani maki na musamman da ke ninka ƙarfinsa na ɗan lokaci, wanda idan ya kashe shi wajen aikin sadaukarwa a daidai ƙololuwar labari ake mayar masa har da ƙari. Wanda ya kai abin matuƙa shi ne Robin Laws a Feng Shui na 1996, da ya gina a kan fina-finan harbe-harbe na Hong Kong. A can an raba abokan gaba gida biyu a hukumance, masu suna da marasa suna, kuma mara suna bugu ɗaya mai kyau ke fitar da shi daga fage. Har akwai dokar da ke ƙara wa harbin ɗan wasa illa idan ya kwaikwayi ƙarar ɗana bindiga da bakinsa, abin da ba shi da wata hujja a ilimin makamai, hujjarsa kawai haka ake yi a fim.

Domin a ga yadda wannan ke aiki a zahiri, a ƙaddara samari huɗu a wata fada a unguwar Zariya bayan sallar isha'i, shayi yana kan gawayi, Sani ne jagora, ƙaninsa Habu kuma yana riƙe da wani tauraro ɗan kabu-kabu da ya hau rufin shago yana hangen motar ɓarayin da suka kwashe kayan ubangidansa tana shirin wucewa ta ƙasa. Habu ya ce, "Yaya, zan diro cikin bayan motar." Idan da tsofaffin dokokin Dungeons & Dragons suke wasa, Sani zai ce masa tsawon rufin ya kai mita shida, kuma doka ta ce kowane mita uku na faɗuwa ɗan ludo ɗaya ne na rauni, alhali sabon tauraro makin ransa, wato lambar da idan ta ƙare ya mutu, bai taka kara ya karya ba. Habu zai yi shiru ya lissafa, sannan ya ce, "To bari in nemi tsani." Idan da Feng Shui ne, Sani cewa zai yi, "Faɗa mana yadda za ka diro," domin dokar tana son a yi abin a zo a gani, kuma mutum ukun da ke bayan motar ba su da suna, don haka ba su da tsawon rai. Rufi ɗaya, mota ɗaya, Habu ɗaya, amma a zama na farko ya zama mai tsantseni, a na biyu ya zama akta.

Akwai hanya ta uku, ta Apocalypse World wanda Vincent Baker ya fitar a 2010, kuma ta yi babban tasiri a kan wasannin da suka biyo baya. Ana jefa 'ya'yan ludo biyu a haɗa lambobinsu. Goma ko fiye nasara ce cikakkiya, shida ko ƙasa matsala ce, daga bakwai zuwa tara kuwa nasara ce mai biyan farashi. Idan Habu ya samu takwas, Sani zai ce, "Ka faɗa cikin motar, amma zaɓi ɗaya: ko wayarka ta zame ta faɗi a titi, ko direba ya hango ka ta madubi." Lissafin yana da ban sha'awa. Cikin hanyoyi 36 da 'ya'yan ludo biyu ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da goma ko fiye, 15 suna faɗawa tsakanin bakwai da tara, sauran 15 kuma shida ko ƙasa, kafin a ƙara makin gwanintar tauraro. Ma'ana an gina wasan ne yadda mafi yawan lokuta za a fita daga wata matsala da ƙafa ɗaya cikin wata. Wannan shi ne numfashin shiri mai dogon zango, inda kowace fitowa ke ƙarewa da abin da zai hana mai kallo kashe talabijin.

Wasu masu tsarawa sun ɗauki talabijin ɗin a fili. A Primetime Adventures na Matt Wilson, 2004, ana kiran jagora furodusa, kowane zama kashi ne na shiri, kuma tun farkon zango ake raba wa taurari lambar da ke nuna wanda labari zai fi karkata kansa a kowane kashi, domin kowa ya samu daren da shi ne a gaba. Robin Laws ya sake lura da wani abu game da labaran 'yan sandan ciki, cewa mai bincike ba ya taɓa wuce shaida bai gan ta ba, wahalarsa tana wajen fassara abin da ya gani, don haka a tsarin GUMSHOE da ya fito da shi a 2006 ba a jifa don neman muhimmiyar shaida, wanda ke da gwanintar ya duba wurin da ya dace zai same ta. John Harper a Blades in the Dark na 2017 ya warware wata tsohuwar matsala ta 'yan wasa, wato ɓata sa'a biyu ana tsara yadda za a shiga gidan attajiri, shirin kuma ya rushe a minti biyar. Fina-finan fashi ba sa nuna shirin tun farko, sai an shiga tsaka mai wuya a koma baya a nuna cewa ai jiya an riga an sayi mai gadi. Harper ya mayar da wannan komawa baya doka, ɗan wasa ya biya da makin gajiyar zuciya ya ce ga abin da tauraronsa ya shirya tun jiya. A wasan Alien na kamfanin Free League na ƙasar Suwidin, 2019, wanda aka gina a kan fim ɗin ban tsoro mai wannan suna, firgici yana ƙara wa tauraro 'ya'yan ludo, wato yana ƙara masa kaifi, amma idan ɗaya daga cikinsu ya nuna lamba ɗaya sai ya rikice, ya daskare ko ya yi harbin kan mai uwa da wabi.

Ba nishaɗi kaɗai ke taɓa dokoki ba, labaran jarida ma sun taɓa su. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace a wata jami'a ta jihar Michigan, mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi zargin wasan ne ya ja shi, jaridu suka yayata, ko da yake daga baya ta bayyana cewa ɓatan nasa ba shi da alaƙa da wasan. Aka yi fim ɗin talabijin a kan irin wannan labari a 1982, shirin 60 Minutes na tashar CBS ya tayar da zancen a 1985, ƙungiyoyin iyaye da wasu majami'u suka ce wasan ƙofar tsafi ce. Surutun ya ƙara wa wasan kasuwa, amma da TSR ta zo fitar da bugu na biyu a 1989 sai ta cire shaiɗanu daga jerin dodanni ta kuma cire rukunin mai kisan haya daga taurarin da ake iya ɗauka, daga baya aka dawo da shaiɗanun da wasu ƙirƙirarrun sunaye. A Faransa ma an yi irin wannan guguwa a tsakiyar shekarun 1990 bayan wani shirin talabijin. Masu bin tarihin Kannywood da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ba za su ji wannan a matsayin baƙon labari ba.

Sai kuma kwamfuta da intanet. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2008, ya raba taurari bisa aikinsu a fagen fama, mai tare bugu, mai kai bugu, mai tallafa wa 'yan uwa, da mai rikita taron abokan gaba, kuma 'yan wasa da yawa sun ga kamannin wasan kwamfuta World of Warcraft na 2004 a cikinsa. Wasu sun so shi, wasu da dama suka koma Pathfinder na kamfanin Paizo da ya fito a 2009 yana riƙe da tsohon tsari. Bugu na biyar a 2014 ya sauƙaƙa lissafi, kuma ya yi sa'ar zuwa a kan gaɓa, domin a 2015 wasu masu sana'ar sa murya a fina-finan zane suka fara watsa wasansu kai tsaye a shirin Critical Role ƙarƙashin jagorancin Matthew Mercer, a 2016 kuma shirin Stranger Things na Netflix ya nuna yara suna wannan wasa a ɗakin ƙasa. A 2019 masu kallon Critical Role suka tara sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarin fim ɗin zane. Daga nan wasa ya samu abin da bai taɓa samu ba, 'yan kallo masu ɗimbin yawa, kuma dokar da ke sa a tsaya minti goma ana duba jadawali ba ta da daɗin kallo. Daggerheart, wanda kamfanin masu shirin ya fitar a 2025, yana amfani da 'ya'yan ludo biyu masu fuska goma sha biyu, ɗaya na fata ɗaya na fargaba, yadda kowace jifa za ta ba jagora ko ɗan wasa abin faɗa nan take. Ina da ɗan ja a nan. Sabon ɗan wasa da ya fara da kallon ƙwararru yakan zo tebur yana jiran abokinsa ya riƙa sauya murya kamar su, alhali daɗin wasan tun asali na masu yinsa ne, ba na mai leƙe ba.

Aron ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. Lokacin da Timothy Zahn zai rubuta littafinsa na Star Wars da ya fito a 1991, kamfanin Lucasfilm littattafan West End Games ya aika masa ya yi aiki da su, domin masu wasan ne suka riga suka raɗa wa halittu da jirage da yawa sunayen da fim bai ba su ba. A Japan, Record of Lodoss War ya fara ne a 1986 a matsayin rubutaccen rahoton zaman wasa a mujallar Comptiq, sannan ya zama littattafai da fim ɗin zane. Cyberpunk na Mike Pondsmith, 1988, wanda ya sha daga fina-finai da littattafan birnin gobe mai duhu, shi ne ya haifi wasan kwamfuta Cyberpunk 2077 a 2020. Kuɗi ma suna bin wannan hanya, domin sanannen suna yana sayar da littafi kafin a karanta dokarsa. Avatar Legends na Magpie Games, wanda aka gina a kan wani sanannen shirin zane na talabijin, ya tara kusan dala miliyan tara da rabi a 2021. Sai dai lasisi aro ne, mai shi yana duba duk abin da aka rubuta, kuma yana iya karɓe kayansa, kamar yadda West End Games ta rasa Star Wars a ƙarshen shekarun 1990 da ta shiga matsalar kuɗi.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne yadda waɗannan wasanni suka ga ƙasashen Musulmi da Afirka, tun da masu tsara su ta tabaran Holiwud suka fara hango mu. Al-Qadim na TSR, 1992, ya haɗa hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya da irin Bagadazar da tsofaffin fina-finan Amurka suka zana. An yi ƙoƙarin gyara daga baya, kamar Nyambe a 2002, da Spears of the Dawn na Kevin Crawford a 2013, da The Wagadu Chronicles na Allan Cudicio da aka tara wa kuɗi a 2020. Ayyuka ne na mutunci, an yi karatu kafin a yi su, amma dukansu uku a kan ginshiƙin dokokin Dungeons & Dragons aka ɗora su, kuma wannan ginshiƙi yana jan labari zuwa ga faɗa da hawa mataki ko da wane irin suna aka sa wa taurari.

Matashin Maradi da zai so tsara nasa ba zai rasa kayan aiki ba. Ga tarihin Katsinawan da suka kafa garin a farkon ƙarni na 19, ga Gobirawan Tibiri, ga dajin Baban Rafi, ga ayarin fatake da madugunsu, ga kuma tashe da ke nuna cewa shiga rigar wani don wasa ba baƙon abu ba ne gare mu. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ɗauko dokokin Gygax ya kira mayaƙi barde, matsafi boka, dodon kogo kuma Dodo, amma wannan kamar sake wa babur fenti ne, injin da ke ciki shi zai ci gaba da yanke irin gudun da za a yi, kuma bardensa zai wayi gari yana kashewa yana kwasar ganima kamar sojan hayar Howard. Abin da muke kallo a wayoyinmu da gidajenmu, fina-finan Kannywood da na Indiya masu fassarar Hausa da littattafan soyayya da ake karantawa a rediyo, ba takobi ke juya su ba. Kunya ke juya su, da biyayya ga iyaye, da kishi, da bashi, da alkawarin da aka ɗauka a gaban manya. Ƙololuwar irin wannan labari ita ce ranar da uba ya ce bai yarda ba.

Wasan da ya sha daga nan zai buƙaci makin mutunci fiye da makin rai. A koma ga Sani da Habu: kawun tauraron Habu ya kira shi zaure ya ce ya ba shi 'yarsa, alhali ya riga ya yi wa wata alkawari. Habu yana da damar cewa, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ba zan iya ba," amma doka za ta cire masa maki biyu na mutunci a wurin dangi, idan kuma ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, ta cire masa biyu a wurin wadda ya yi wa alkawari da gidansu. Wanda makinsa ya ƙare ba ya mutuwa, sai dai babu mai ba shi bashi a kasuwa, babu dattijon da zai shige masa gaba wajen neman aure, gaisuwarsa ma da ƙyar ake amsawa. Idan daga tatsuniya za a ɗebo, Gizo da wayo yake ci, kwaɗayi kuma ke kama shi, don haka duk dabarar da ta ci sai a ajiye wa ɗan wasa tsakuwa ɗaya ta kwaɗayi, wadda jagora zai iya ɗagawa a kowane lokaci ya tilasta wa tauraron komawa ɗebo na biyu. Batun kayan wasa kuwa, Japanawa sun riga sun nuna hanya: Sword World na 1989 da 'ya'yan ludo biyu masu fuska shida aka gina shi, domin masu fuska ashirin suna da wuyar samu a can a lokacin, kuma masu fuska shida akwai su a kowane kwalin ludo da ke kasuwar Maradi.

Waƙa ce za ta fi ba mai tsarawa aiki. A fim ɗin Indiya da na Kannywood waƙa ba hutu ba ce kawai, a cikinta ake faɗin abin da kunya ta hana a faɗa a zaure, a cikinta kuma watanni ke wucewa cikin minti biyar. Ana iya ba kowane ɗan wasa damar kiran waƙa sau ɗaya a zama, ya rera baiti biyu ko ya faɗe su da baki, jagora ya tsallake da labari zuwa bayan damina, dangantakar taurari biyu ta matsa gaba da mataki ɗaya ba tare da jifa ba, da sharaɗin cewa ɗan wasan da ke hagunsa shi zai faɗi wanda ya ji waƙar daga bayan katanga.